Tsaya-Tukuna Da Injin Yaya

Duk wanda ya taɓa sayen inji mai nauyi a layin masu walda da maƙera ya san Tsaya-Tukuna. Sunansa na gaskiya kuwa sai dai a tambayi matarsa, ita ma sai ta ɗan yi tunani. Aikinsa ɗaya ne tun yana saurayi: ya ɗauke inji daga inda yake, ya kai shi inda ake so, ya zaunar da shi. Ba ya gyaran inji, ba ya aiki da shi, ko kunna shi bai cika so ba. Kai dai nuna masa ƙarfen da ya fi mota nauyi, ka nuna masa ƙofar da ko kai sai ka sunkuya kafin ka shiga, sannan ka koma gefe ka zuba ido.

Daga bakinsa sunan ya fito. An ɗaura sarƙa, ƙarti sun jeru, kowa ya tofa yawu a tafin hannu yana jiran a ce a ja, sai ka ji ya ce, "Tsaya tukuna." Ya zagaya injin, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa daɓe da sandar ƙarfe, ya sake zagayawa. Mai inji yana duba agogo yana jan tsaki, shi ko a jikinsa. An ce ranar da aka haifa masa 'yar fari, da aka zo da gudu aka ce masa an sauka lafiya, abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan, don a lokacin akwai inji a ɗage a kan jak. Matarsa har yau ba ta gama yafe masa wannan ba.

Da dako ya fara, a tashar manyan motoci. Ƙarfi kam akwai, hankali ne da saura. Wata rana aka kira 'yan dako su taimaka a sauke injin huda ƙarfe daga mota, ya sa kafaɗa zai nuna bajinta, injin ya zame ya tafi da yatsun ƙafarsa biyu na hagu. Tsohon da ke jagorantar aikin ya je duba shi a asibiti. Ko sannu bai ce masa ba, cewa ya yi, "To, yanzu ka san ƙarfe ba ya jin kunyar ƙato. In ka warke ka zo in koya maka yadda ake lallaɓa shi." Ya warke, ya je da ɗingishinsa.

A hannun tsohon nan ya koyi cewa ba da ƙirji ake ɗaga inji ba. A cusa bakin sandar ƙarfe a ƙarƙashin gefe ɗaya, a danna, in ya tashi kamar kaurin yatsa a tura katako. A koma ɗaya gefen a yi haka. A yi ta yi, kaɗan-kaɗan, har a sami wurin zura bututun ƙarfe. Da inji ya hau bututu sai turi a hankali, bututun da ya fito ta baya a ɗauko shi a kai gaba. Ba a sa hannu a ƙarƙashi, ko da makullin gidanka ne ya faɗa. In kuma inji ya ce zai faɗi, ba a tare shi, kauce masa ake yi.

Da tsohon zai bar aiki sai ya ba shi ma'aunin ruwa. Ƙarfe ne mai tsawon kamu guda, da 'yar kwalba a tsakiyarsa, a cikinta ruwa da kumfa ɗaya tal. In ka ɗora shi a kan abu kumfar ta tsaya tsakanin layi biyu, abin ya zauna daidai. In ta gudu gefe, akwai karkata. Tsaya-Tukuna ya sa aka ɗinka masa jakar fata, ya rataya a wuya. To fa, nan cutar ta kama shi. Daga ranar bai ƙara yarda da idonsa ba, balle na wani, kumfar nan kaɗai ce mai gaskiya a duniya. A gidansa babu ƙafar gado, ko ta kabad, ko ta tebur, da ba a cusa wa ɗan ɓallin gwangwani ba. In ya je gaisuwa gidan mutane ya ga hoto a karkace a bango, hira ba ta shigarsa sai ya tashi ya gyara.

"Saura ni," in ji matarsa. "Wata rana zan farka in tarar ka ɗora min abin nan a goshi."

"Da kina tsayawa wuri ɗaya ai da tuni an wuce wurin," in ji shi.

Amma a bar wasa, mutumin ya iya aikinsa. Ya shigar da injuna ta taga, ya sauko da su daga bene, ya tsallakar da su kwata a kan katako. Gashinsa ya yi fari a cikin aikin nan ba a taɓa cewa ga injin da ya kifar ba, ko ga wanda mutanensa suka bar yatsa a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, bai taɓa juya baya ya bar inji a karkace ba.

Matar tasa tana da wa, mai ferayar ƙarfe. Kowa a layin Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Injinsa dogon gado ne na baƙin ƙarfe a kan ƙafafu huɗu. A kama sandar ƙarfe tsakanin kan injin da wutsiyarsa, tana juyawa, wuƙa tana tafiya a jikinta tana feraye ta, ɓawon ƙarfe yana zubowa a nannaɗe har a kai kaurin da ake so. Masu injin niƙa, masu injin ban ruwa, masu tsofaffin motocin da aka daina kawo kayansu, duk wurinsa suke zuwa in wani ƙarfe ya karye. A shagon ya tarar da injin lokacin da aka kai shi koyon sana'a. Ubangidansa ma a nan ya tarar da shi. Ba wani mai rai da ya ga ranar da aka shigo da shi, an ce ma sai da aka ajiye injin sannan aka gina ɗakin a kansa.

Yaya mutum ne mara yawan magana. Tun da matarsa ta rasu ya ƙara yin shiru. In ya ɗauki kofi hannunsa yakan ɗan yi rawa, amma da ya dafa hannun injin sai rawar ta ɗauke. Wannan kowa ya gani da idonsa.

Sai aka wayi gari an shafa jan fenti a bangon shagunan layin. Za a faɗaɗa titi, kowa ya kwashe nasa.

Babbar 'yar Yaya ma'aikaciyar jinya ce, Nas ake ce mata har a cikin gida. Ita ta zo ta sami Tsaya-Tukuna, ta gaishe shi, ta gaishe da gwaggonta, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya.

"Baba Tukuna, ni da so samu ne da babana ya huta haka nan. Na san irin hannayen da ake kawo mana asibiti daga injuna irin wannan, ba na son in ga na ubana a ciki. Amma da na ce masa a sayar da injin, kwana ya yi bai ci abinci ba. To mun yi magana. Zai dawo gidana, inji ya shiga gareji. In ya ga zai iya, ya ci gaba. In aiki ya fara lalacewa a hannunsa, masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ɗauka, ba gardama. Ya yarda."

"Ki bar min wannan, 'yata," in ji Tsaya-Tukuna. "Zan zaunar masa da shi yadda tun da aka ƙera shi bai taɓa zama ba."

Kuma ya yi iya yinsa, Allah ya sani. Shi ya tsaya a kan magina aka fasa daɓen garejin aka zuba sabo mai kauri, yana bin su da ma'auni har sai da babban maginin ya ce ko gadon asibiti ba a yi wa wannan fitinar. Ya hana kowa takawa sai da simintin ya bushe ƙarau.

Ranar ɗauka sai da aka fasa bangon gaban shagon, don ƙofar ko rabin injin ba za ta ci ba. Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Duk inda aka sa sandar ƙarfe yana nan a bayan mutum.

"Yaya, don Allah ka koma inuwa."

"A hankali da wutsiyar nan."

"Na gani, Yaya."

"Sarƙar nan ba za ta ci masa jiki ba?"

"Na sa buhu a tsakani. Ka je ka zauna, kafin in sa a ɗaure ka tare da shi."

Da injin ya tashi daga ƙasa ya hau bututu, abin da aka tarar a ƙarƙashi ya ba kowa dariya. Ga sifanar da Yaya ya taɓa korar wani mai koyo a kanta, ga tabarau mai ido ɗaya, ga cokali, ga ɗan takalmin Nas na lokacin tana rarrafe. Ƙafafun injin sun bar baƙin tabo huɗu a daɓe, daɓen kuwa duk ya tsattsage. Tsaya-Tukuna ya dube shi ya ja tsaki, ya ce wanda ya zaunar da inji a kan wannan abin Allah dai ya yafe masa. Bai ƙara waiwayarsa ba, hankalinsa yana kan motar ƙugiya da ke jira a waje.

Kafin yamma inji ya shiga gareji ko ƙwarzane babu. Tsaya-Tukuna ya durƙusa yana ɗora ma'auni a kai, a wutsiya, a tsaye, a kwance, yana cusa ɓallin gwangwani yana zarewa, har kumfar ta tsaya cak a tsakiya ta kowace fuska. Ya kira Yaya ya nuna masa, ya kira Nas, har maƙwabcin da ya leƙo kallo sai da aka nuna masa. Ya koma gida yana ta cika baki, matarsa ta ce ya isa haka, ba shi ya ƙera injin ba.

Aikin farko da Yaya ya yi a sabon wuri sandar injin niƙa ce. Washegari mai niƙa ya dawo da ita a kafaɗa, yana jin nauyin magana. Kai ɗaya ya shiga, ɗaya ya ƙi. Yaya ya auna, ya ga lallai gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun yana mai koyo. Ya ba da haƙuri, ya sake wata, ita ma haka. Ya kunce abin da ake kuncewa, ya ɗaure abin da ake ɗaurewa, in ya gyara kai sai tsakiya ta kumbura. Aka kawo ƙarfen injin ban ruwa, shi ma ya dawo.

Nas ta aika a kira Tsaya-Tukuna. Ya zo da jakarsa a wuya, ransa a ɗan ɓace, don ya ji ƙanshin ana son ɗora wa aikinsa laifi. Ya ɗora ma'auni a gabansu. Kumfa ta tsaya a tsakiya. Ya juya shi, ta tsaya a tsakiya.

"Kun gani da idonku," in ji shi. "Injin nan wallahi ko gashi ɗaya bai karkace ba. Lafiyarsa lau. A kai ni ko'ina zan faɗa."

"To in ba injin ba ne..." Nas ta fara, ba ta ƙarasa ba.

Sai a lokacin Tsaya-Tukuna ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Yaya yana tsaye a gefe, yana kallon hannayensa. Ya kwance rigar aikinsa, ya rataye ta a ƙusa, ya ce, "Na ji." Ya shige cikin gida. Nas ta share ido da bakin mayafi, ta ce za ta yi wa masu tsohon ƙarfe magana su zo ƙarshen mako.

Tsaya-Tukuna ya yi ta gaya wa kansa cewa gaskiya ya faɗa, kuma tsufa ba laifin kowa ba ne. Amma abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta je ta dubo wanta, ta dawo ta ajiye mayafi ba ta ce masa sannu da gida ba.

"Yaya yana zaune a kujera yana kallon bango," in ji ta. "Hannun da ke ɗan rawa, yanzu ko kofi ba ya riƙewa, sai da na ba shi a baki. Kai da kumfarka kun gama da shi."

"Ni me na yi? In ce inji ya karkace alhali bai karkace ba?"

"Ni ban san inji ba. Amma ka gaya min, mutumin da ya yi aiki lafiya lau har ranar da kuka fasa bango, yaushe ya tsufa? Ko a motar ƙugiyar kuka ɗauko masa tsufan?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, yana cewa zai je ya kwaso katakan da ya bari a tsohon shago. Katakai dai akwai su, amma ba su suka fitar da shi ba.

Ya tarar da layin ya zama kufai. Katafila ta cinye shagunan farko, tana kan na maƙwabcin Yaya, ƙura ta tashi. Ya shiga ta fasasshen bangon. Ɗakin babu komai sai warin tsohon mai da baƙin tabon nan huɗu. Ya tsaya yana kallonsu. Hannunsa da kansa ya je ga jaka, don shi ko a ina ya tsaya sai ya auna wani abu. Ya ɗora katako miƙaƙƙe tsakanin tabo biyu na wajen kai, ya aza ma'auni, kumfa ta tsaya a tsakiya. Ya koma na wajen wutsiya. Kumfa ta gudu har ƙarshen kwalba.

Ya shafa tabon baya da tafin hannu. Rami ne, daɓen ya nutse a wurin. Kuma ba nutsewar jiya ba ce, don gefensa ya yi sumul da tsohon mai.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Injin nan tun kafin a haifi Yaya ƙafarsa ɗaya take cikin rami. Nauyinsa ya murɗa gadon ƙarfen ya bi ramin. A haka wuƙa ta yi ta zirga-zirga a kansa, a hannun ubangidan Yaya, a hannun Yaya, har ta cinye wa kanta hanya miƙaƙƙiya a cikin murɗewar. Shi kuma ya zo da gwanintarsa ya miƙar da gadon, hanyar wuƙa ta karkace. Ma'aunin bai yi ƙarya ba. Shi ne dai bai tsaya ya duba ba, shi da ake kira Tsaya-Tukuna. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da ya rasa yatsunsa.

Bango ya girgiza. Katafila ta juyo kan shagon Yaya.

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin dattijo mai ɗingishi ya yi irin wannan gudun ba. Ya fito ta fasasshen bango, hula ta faɗi, ya tsaya a gaban katafila ya ɗaga hannu biyu.

"Tsaya tukuna! Kai, tsaya tukuna!"

Direban ya taka birki, ya leƙo. "Baba, lafiya? Akwai mutum a ciki ne?"

"Akwai rami!"

"Rami? Baba, ai yanzu duk wurin zai zama rami."

"Don girman iyayenka, ɗana, ka sha ruwa ka huta. Yanzu zan fito."

Direban ya kashe inji yana girgiza kai, ya ce yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Tsaya-Tukuna ya koma ciki, ya zazzage ɓallayen gwangwanin da ke aljihunsa. Ya riƙa jera su a cikin ramin ɗaya bisa ɗaya, yana aza katako yana duba kumfa, har ta dawo tsakiya. Ya kwashe su ya ɗaure da waya, ya sa a aljihun ƙirji. Kaurinsu shi ne zurfin ramin. Yana fitowa direban ya tayar da katafila, rufin ya bi bayansa.

Bai koma gida ba, ya tattara mutanensa ya nufi gidan Nas. Ta fito da kayan aiki a jikinta, za ta tafi asibiti.

"'Yata, na zo in janye rantsuwata," in ji shi. "Na ce miki inji lafiyarsa lau. Ni na lalata shi. Ki ce wa masu tsohon ƙarfe su dakata."

Ya yi mata bayani, ya nuna mata ɗaurin gwangwanin. Ta juya shi a hannu, ta dube shi da shakka.

"Baba Tukuna, kada ka sa masa rai a banza. In ya sake gwadawa abin ya ƙi, ban san yadda zan tashe shi ba."

"Ni ma ban ce tabbas ba. Amma kada a yanke masa hukunci da bakina."

Ta miƙa masa makullin gareji.

Aka sa jak aka ɗaga wutsiyar injin, aka tokare da katako. Tsaya-Tukuna ya karɓi guduma da cizal na fasa siminti, ya durƙusa a kan daɓen nan da ya hana kowa takawa, ya fara sara. Mutanensa suka tsaya suna kallon juna. Ɗaya ya ce, "Maigida, ko in karɓa maka?" Ya ce a'a, wanda ya ɓata shi zai gyara. Ya yi ta sara yana gwada ɗaurin gwangwani a ramin, yana share ƙura da hannu, har bakin ɗaurin ya yi daidai da bakin daɓe. Aka sauke injin a hankali. Ƙafa uku suka taka, ta huɗu ta tsaya a iska kamar ba za ta sauka ba, sannan ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara, ta zauna a ramin.

Don sabo, ya ɗora ma'auni a wutsiya. Kumfa ta gudu ƙarshen kwalba. Wallahi sai da hannunsa ya kai aljihu neman abin cusawa. Ya dawo da shi, ya mayar da ma'aunin jaka, ya ce a bar injin ya kwana a haka ƙarfen ya saki jiki.

Da hantsi ya dawo tare da matarsa. Yaya yana nan a kujerarsa a falo, an lulluɓa masa zane a ƙafa kamar majinyaci. Tsaya-Tukuna ya durƙusa a gabansa, ya faɗa masa komai, bai rage wa kansa laifi ba.

Yaya ya girgiza kai. "Ka bar ni. Na riga na haƙura. Kana so ne kawai ka faranta min."

"Yaya, ka taɓa ganin na bar inji a karkace don in faranta wa wani? Je ka duba abin da na yi wa daɓena."

"In na gwada ya sake fitowa ba daidai ba fa?"

"To sai mu san mu biyu ne muka tsufa, in zo in zauna kusa da kai mu riƙa kallon bangon tare."

"Tashi, Yaya," in ji ƙanwarsa. "Mutumin nan tun da na aure shi ban taɓa jin ya ce shi ne da laifi ba. Ko don wannan ka tashi, kada abin ya wuce ba shaida."

Yaya ya ɗan murmusa, na farko tun ranar. Ya yaye zanen ya miƙe. A gareji ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin da ƙurar siminti a gefensa. Ya ɗauko rigar aiki daga ƙusa, igiyar ta gagare shi ɗaurawa saboda rawar hannu, Nas ta zo ta ɗaura masa ta baya. Ya zaɓi sandar ƙarfe, ya kama ta tsakanin kai da wutsiya, ya kunna.

Injin ya ɗauki kukansa. Yaya ya dafa hannun injin, wuƙa ta taɓa ƙarfe, ɓawo ya fara zubowa a nannaɗe. Tsaya-Tukuna, wanda ya sha tsayawa a gefen ƙarfen da ke lilo a sama gabansa bai faɗi ba, yau sai da ya jingina da bango. Wuƙa ta tafi a hankali, ta kai ƙarshe. Yaya ya kashe.

Ya ɗauko ma'auninsa mai baki biyu kamar almakashi, ya kama kan sandar da shi. Ya zare, ya kai tsakiya. Ya zare, ya kai wutsiya. Ya sake komawa kai, ya sake bi. Bakin ma'aunin bai buɗe ba, bai rufe ba.

Ya tsaya da ma'aunin a hannu, ya dubi tafinsa, ya juya bayansa ya duba.

"Ashe ba ni ba ne," in ji shi a hankali. Ya dubi 'yarsa. "Nas, ashe ba ni ba ne."

Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Gwaggonta ta riƙe ta, ita ma hawayen take. Tsaya-Tukuna ya so ya ce Yaya ya yafe masa, amma sai ya tsaya yana murza igiyar jakarsa.

Nas ta share fuska ta juyo. "Amma Baba, da sharaɗi. Za a ƙara fitila a nan, kuma rana na yin tsaka ka kashe."

"Na ji, likita," in ji Yaya. Ya riga ya sunkuya yana neman sandar mai niƙa a cikin tarin ƙarafa. Da ya ɗago ya ga har yanzu suna tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa, sai ya ɗaure fuska.

"Ku matsa min daga haske mana. Mutum yana can injinsa a tsaye, yana jirana."

Suka matsa. Har yau Tsaya-Tukuna yana yawo da ma'auninsa a wuya, kuma har yau ba ya iya zama a ɗakin da hoto ya karkace. Amma in ya je gaishe da Yaya, a bakin ƙofar gareji yake cire jakar ya rataye a ƙusa, sannan ya shiga.